Kwinin Marar Ɗaci a Kasuwar Kankiya

Kana wurin. Kada ka ce mini ba ka nan, domin na gan ka. Ranar da aka rufe rumfar Baba Kabo a kasuwar Kankiya kana tsaye a gindin durumi, kuma da abin ya kai inda ake bukatar bakinka sai ka juya kana taya wani cinikin akuyar da ba taka ba. In ba kai ba ne, to wanka ne ko maƙwabcinka, kuma da kai ne a wurin da akuyar za ka kalla. Tunda ka kau da kai ran nan, zauna yau in ba ka labarin abin da ka ƙi gani.

Baba Kabo mutumin Rimaye ne. Ubansa saiwoyi da sassaƙe yake sayarwa. Shi da ya taso zamanin ƙwayoyin Turawa ya shigo, sai ya ƙara tebur da 'yan kwalabe, ya karɓi lasin, ya zauna a rumfa ɗaya tsakanin 'yan gishiri da masu nono shekara ashirin da biyu. Ko baƙi ɗaya na boko bai sani ba. Abin da ya gada wurin ubansa al'ada ce guda: ba ya miƙa wa mutum magani sai ya ɓalli ɗan gefen ƙwaya ya sa a harshensa a gaban mai saye. In na ruwa ne ya ɗiga a tafin hannu ya lasa. Mutanen Rimaye da Fakuwa da Ƙofa ba sa kwance bakin zani sai sun ga haka, sauran masu magani ma duk haka suke yi, sai dai nasu na ganin ido ne, nasa harshen kuwa ya san aikinsa.

Ni malamin elementare ne, kuma na sha gaya masa wannan ba tsabta ba ce, zamani ya wuce wurin. Kullum amsarsa ɗaya ce.

"Malam, abin da ban iya sa ma bakina, shi zan sa ma bakin ɗan wani?"

Bara da kaka wani kamfanin Turawa ya buɗe kanti a bakin hanyar mota. Wanda aka ɗora a kan kantin sunansa Ɗanmaliki, mai gajeren wando da doguwar safa da alƙalami uku a aljihu. Ya kafa garmaho a ƙofa yana ta kiɗa. Magungunansa a gwangwani suke, a liƙe, kuma sun fi na kasuwa araha. Ranar kasuwa yakan tsaya yana shela: "Ga magani daga ƙasar Turai! Hannun mutum bai taɓa shi ba, balle yawun tsoho!" Bai tsaya nan ba, ya rubuta wa hukuma takarda cewa masu magani na kasuwa jahilai ne, a zo a jarraba su, wanda ya faɗi a karɓe lasinsa.

Tsoro ya sa masu magani goma sha huɗu na Kankiya da Kusada suka kafa ƙungiya. Niyyar ta yi kyau, ba zan zalunce su ba. Za su riƙa sayo magani tare daga birni, su koyi karanta rubutun jikin kwalba, su kuma tsaya wa duk wanda aka taɓa a cikinsu. Suka kira ni in rubuta musu dokoki, ni kuma na ce zan koyar da su karatu kowace Alhamis da la'asar.

Zama uku na farko a kan suna aka yi su: Kankiya za a fara faɗi ko Kusada? Har an kai ga zage-zagen kakanni, sai aka gano mafita, aka sa aka sassaƙa hatimi mai da'ira, sunayen suna bin juna, ba wanda ya san na gaba. Zama na huɗu aka naɗa Alhaji Labaran na Kankiya shugaba, saboda ya je Makka ya dawo da haƙorin zinariya, kuma shi kaɗai ke da kujera mai hannu. Don kada 'yan Kusada su yi fushi aka ba Dauda nasu mataimaki. Don kada 'yan Kankiya su yi fushi da an ba Dauda mataimaki aka kafa doka ta huɗu. Ga ta nan yadda suka shifta mini, ni kuma na rubuta da hannuna, Allah ya yafe mini: ba mai magana da sunan ƙungiya sai shugaba ya buɗe baki, mataimaki kuwa ba ya magana sai shugaba ya rasu ko ya yi tafiya.

Karatu fa? Alhamis bakwai ina ɗauko allo. Mun kai baƙi na uku sai aka ɗage karatun, saboda akwai babban al'amari a gaban ƙungiya, wato launin tuta.

Ana saura mako guda jarrabawa, damina ta yi nisa, zazzaɓi ya kwantar da rabin ƙauyuka. Inno, wata Bafillatana daga rugar bayan Fakuwa wadda ke ajiye ƙwaryar nononta kusa da rumfar Kabo, ta zo ta zauna ba ta ko gaishe shi ba.

"Inno, yau kuma ni ne bangon kasuwa? Ko kin ƙara ma nonon ruwa ne kike jin kunyata?"

"Ruwan gidanku na ƙara. Kai tsoho, bar ni, Haulatu ce ba lahiya. Kwana goma ke nan jikinta kamar garwashi."

"Ɗiyar taki? To mi ya hana ki zo ki amshi kwinin?"

Ta sunkuyar da kai tana gyara ludayi. "Kanti na tahi. Nasu ya hi araha. Ga kiɗa kuma."

"Kiɗan ya sauke zazzaɓin?"

"Bai sauke ba."

"In ta haɗiye ƙwayar tana ɓata huska?"

"Ina! Tauna ta ma take kamar gyaɗa."

Duk wanda ya taɓa shan kwinin ya san ɗacinsa na sa ƙato hawaye. Kabo ya ce ta kawo masa ƙwaya ɗaya ya gani, ta ce sun ƙare. Ya ba ta nasa, bayan ya ɓalli gefe ya lasa ya yamutsa fuska kamar kullum. Da la'asar ya kai maganar gaban ƙungiya. Alhaji Labaran ya saurare shi da haƙuri, sa'an nan ya ce maganar tana da nauyi ƙwarai, amma yau ranar tuta ce, 'yan Kusada sun kafe a kan kore.

Ranar jarrabawa ta zo, ranar kasuwa ce. Tun da hantsi 'yan ƙungiya suka shimfiɗa tabarmi a babbar rumfa, aka kafa kujerar shugaba, aka rataye tuta rabi kore rabi ja. Ana jiran Baturen da zai zo daga birni sai ga saƙo daga kanti. Ɗanmaliki ya aiko wa ƙungiya gaisuwa: gwangwani guda na wani farin gishiri mai tafasa in an zuba shi a ruwa. Ɗan saƙon ya ce maganin ƙarfin jiki ne na manyan mutane.

Al'ada ta ce maganin da ya shigo hannu sai an ɗanɗana, girma kuma ya ce shugaba ne zai fara. Kabo ya sa yatsa zai lasa, aka buge masa hannu. Alhaji Labaran ya zuba a moɗa, ruwa ya taso yana kumfa, jama'a suka ce lallai Turawa sun san aiki. Ya sha, ya yi gyatsa, ya ce ya ji ƙarfin har a gwiwa. Ya ce tunda shi uban mutum goma sha huɗu ne, bai kamata ya ɗanɗana irin ta mutum ɗaya ba. Ya ƙara moɗa ta biyu saboda Kankiya. Dauda ya yi gyaran murya, sai ya ƙara ta uku saboda Kusada.

Ni ina aji lokacin. Da na iso na ɗauki gwangwanin na karanta abin da ke jikinsa. Gishirin wankin ciki ne, kuma an rubuta da manyan baƙaƙe cewa ƙaramin cokali ɗaya ya isa babban mutum. Na buɗe baki zan faɗa, sai ga ƙarar mota.

Baturen dogo ne, jajir, da alamar gajiya, tare da tafintansa Manu. Ba mugun mutum ba ne, sauri kawai yake yi. Bai zo da magungunan gwaji ba, sai ya aika kanti aka aro masa, tunda a ganinsa can ne ake da kaya na ƙwarai. Ɗanmaliki da kansa ya kawo su, ya jera a tebur, ya koma gefe ya harɗe hannuwa.

Alhaji Labaran ya miƙe ya fara jawabin maraba. Ya gode wa Allah, ya gode wa hukuma, ya soma tarihin kafa ƙungiya tun daga rigimar suna. Ya kai daidai wurin hatimi sai ya tsaya. Gumi ya keto masa. Cikinsa ya yi wata ƙara da har masu nono suka waiwayo. Ya ce, "Ina zuwa," ya sunkuci butar wani, ya nufi bayan zanan kasuwa da wani irin gudu wanda ƙafafu ba sa rabuwa da juna.

Bature ya ce a ci gaba. Aka kira masu maganin ɗaya ɗaya. Dabarar da suka yi mai sauƙi ce: kowa ya dubi fasalin gwangwani ya faɗi sunan da ya saba ji a shelar Ɗanmaliki. Duk suka haye. Aka zo kan Kabo. Bature ya zazzago farar ƙwaya daga wani gwangwani ya ajiye a gabansa.

Manu ya ce, "Baba, ya ce mene ne wannan, kuma nawa ake ba babba?"

Kabo bai dubi gwangwanin ba. Ya ɓalli gefen ƙwayar ya sa a harshe. Bature ya ɗaga gira. Kabo ya juya ta a baki, ya jefa sauran ya tauna.

"Alli ne."

"Baba, dubi gwangwanin da kyau," in ji Manu a hankali, don yana son ya taimake shi. "Kowa ya san wannan gwangwanin."

"Na san gwangwanin, ɗana. Gwangwanin kwinin ne. Abin da ke ciki alli ne. Gaya mashi haka."

Ɗanmaliki ya yi dariya ya ce irin na zamani ne, ana lulluɓe shi don kada ya yi ɗaci. Kabo ya ce ya tauna har ciki, ina ɗacin ya ɓuya? Ya ɗauki wata ƙwayar, ya taka zuwa allona da ke jingine a jikin ginshiƙi tun Alhamis ta bakwai, ya ja layi fari tas daga sama har ƙasa. Ban taɓa samun alli mai kyan wannan ba a makarantarmu.

Inno ta miƙe tsaye da ludayi a hannu.

"Ranka shi daɗe," in ji Kabo yana duban Bature, "ga harshe nan a bakinka kai ma. Lasa ka ji."

Manu ya fassara, ya kuma dawo da amsa: Bature ba ya sa kayan kasuwa a bakinsa. Amma na ga idon Baturen yana kan layin nan. Ya yi magana mai tsawo, Manu ya juyo ga 'yan ƙungiya.

"Ya ce harshen tsoho ɗaya ba hujja ba ne a wurin hukuma. Amma an gaya masa kuna da ƙungiya. In ƙungiya ta ce tana ƙarar wannan magani, zai tafi da gwangwanin birni a auna, kuma tsohon ya ci jarrabawa. In ba ta ce ba, zai rubuta cewa an nuna wa mutum kwinin ya kasa gane shi, ya kuma tauna kayan gwaji. To, ƙungiya me ta ce?"

Mutum goma sha biyu suka juya suka dubi kujera mai hannu. Ba kowa a kanta.

Dauda ya yunƙura zai tashi. Shehu, wani mai magani na Kankiya, ya riƙe masa gefen riga.

"Ina za ka? Doka ta huɗu."

"Shugaba bai nan, Shehu."

"Ya rasu?"

"Allah shi kiyaye."

"Ya yi tahiya?"

"To ina yake, in ba tahiya ya yi ba?"

"Kewayawa ya yi. Ka ga ya ɗauki guzuri? Ka ga ya yi sallama da iyali? Buta kawai ya ɗauka, ita ma ba tashi ba."

"Mutum ya bar mazauninshi da gudu, ka ce ba tahiya ba ce?"

"Ku 'yan Kusada dama kujerar kuke hari. Ko sanyi ba ta yi ba!"

"Wa ke son kujerar da mai ita ya bari a wannan hali?"

Na kasa daurewa, na ce da ƙarfi gwangwanin nan alli ne kuma ga shaida a allo. Manu ya tambaye ni ko ina sayar da magani. Na ce a'a. Ya ce to Bature ƙungiya ya tambaya. Na juya wajen jama'a, wajenku, ku da 'ya'yanku ke kwance suna tauna alli, na ce wa zai yi magana? Inno ce kaɗai ta ɗaga murya, ita ma wani dattijo ya ce mace ba ta shiga maganar hukuma. A nan ne ka ga akuya.

Aka tura Jaji, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya, ya je bayan zana ya nemi izinin shugaba. Ya dawo yana toshe hanci.

"Mi ya ce?"

"Ya ce kada kowa ya hau mashi kujera."

Bature ya jira. In faɗi gaskiya, ya jira fiye da yadda na zata, yana duban agogo yana duban gabas inda hadari ya haɗu, ga gulbi a gabansa da zai ƙetare kafin ya cika. Da iska ta fara kaɗa tutar rabi kore rabi ja, ya zaro alƙalami ya yi rubutu. Ya karɓi lasin Kabo ya sa a jakarsa. Ya ce ta bakin Manu zai biyo ta nan bayan kasuwa uku, takardar da ya rubuta tana jakarsa har ran nan, in bai ji komai ba ya miƙa ta, shi ke nan. Ɗanmaliki ya tattara gwangwanayensa, ya gaishe da kowa da ladabi, ya ce a gaida shugaba da jiki.

Kabo ya koma rumfarsa ya kwashe kwalabe a buhu, ya kife tebur.

Motar ta ɓace, an fara yayyafi, sai ga Alhaji Labaran yana dafa bango, rawani a karkace. Ya zauna a kujerarsa a hankali, da gefe ɗaya.

"To, ina muka tsaya? Na tuna. Hatimi."

Kasuwa biyu ke nan da yin haka. Ƙungiya ta zauna sau biyu. Ta kafa kwamitin mutum shida, uku daga kowane gari, su binciko ko kewayawa tafiya ce. An ce kwamitin ya rabu gida biyu. Takardar ƙarar na rubuta ta tun daren farko, tana jiran hatimi, hatimin yana akwatin shugaba, shugaba kuma ya ce ba zai buga ba sai kwamiti ya wanke sunansa.

Kabo yana zuwa kasuwa har yanzu. Yana zama a kan kifaffen teburinsa, hannu wofi. Haulatu ta tashi, kwinin ɗinsa ne ya tashe ta, kuma Inno kan ajiye masa ƙwaryar fura kowace kasuwa tana cewa ta yi tsami ne shi ya sa. Amma ka san abin da ya fi ƙona mini rai? Layin da ke gaban rumfarsa yau ya fi na lokacin da yake sayarwa. Ku ne. Kuna zuwa kanti ku saya saboda araha da kiɗa, ku zagayo ta bayan 'yan gishiri, ku kwance ƙulli ku miƙa masa a ɓoye.

"Baba, ɗan lasa mini wannan."

Yana lasawa. Ya ce wannan na ƙwarai ne, wannan alli ne, kada ka ba yaro. Ku yi godiya da raɗa, ku waiwaya ko wani ya gan ku, ku wuce. Kun amince da harshensa a kan ran 'ya'yanku, amma ba ku iya ara masa naku na minti ɗaya ba.

Kasuwa mai zuwa ita ce ta uku. Motar Bature za ta tsaya a babbar rumfa da hantsi, lasin Kabo yana cikin jakarsa, in ta tashi a haka ya tafi ke nan. Kai Dauda, da kai Shehu, da sauran ku, ba doka ta huɗu ce ta haife ku ba, ni na rubuta ta kuma na san takarda ce, ku yage ta ku tashi tsaye. Kai kuma mai karatu, in kana da ƙwayar kanti a gida ɗauko ta. Ka zo da ita gaban motar, ka sa ta a harshenka kowa yana gani, ka faɗi abin da ka ji da ƙarfi yadda Manu zai fassara. Takardar ƙara tana hannuna a gindin durumi, ga tawada, ka dangwala yatsanka. Ka bar akuya ga mai ita, ka zo.